Darasi na Goma Sha Huɗu: Hawan Jini, Tsufa da Taurin Jijiyoyin Ido

A ƙasarmu ta Gobir, daga Sabon Birni zuwa Isa, da ƙauyukan da suka jeru a bakin gulbin Rima da rassansa, Bunsuru da Gagare, idan ganin dattijo ya fara dushewa har ya zamana ba ya shaida mai sallama sai ya ji muryarsa, ko tsohuwa ta kasa tsince tsakuwa daga cikin wake, abin da kowa ke faɗi shi ne tsufa ya zo, sa'an nan a yi masa addu'ar cikawa da imani, a samo jikan da zai riƙa ja masa sanda. Maganar ba ƙarya ba ce ɗungum, gama tsufa yana da hakkinsa a kan kowace gaɓa, kuma ba a taɓa yin ɗan Adam da ya tsere masa ba sai wanda ajali ya riga shi. Amma fa ba ita ce gaskiyar duka ba, domin akwai wata illa da ke tafiya tare da shekaru, wadda ba ta da zafi, ba ta da kumburi, ba ta hana mutum noma ko zuwa kasuwa, alhali kuwa tana nan tana ɓarna a ɓoye, ana ɗora wa tsufa laifinta. Wannan illa ita ce hawan jini, kuma darasinmu na yau a kan abin da ita da shekaru suke yi wa jijiyoyin jinin da ke cikin ido yake.

Wajibi ne tun farko mu ware wannan mas'ala daga maƙwabtanta, don kada a cuɗanya su. Akwai raunin ganin kusa, wanda ke samun kusan kowa bayan shekara 40, inda mai karatu zai riƙa nesanta littafi daga fuskarsa. Wannan tabarau ne maganinsa. Akwai yana, wadda ke rufe madubin cikin ido, ita ce kuma kan gaba wajen makantar da manya a Nijeriya, kamar yadda binciken da aka yi a faɗin ƙasa tsakanin 2005 da 2007 ya tabbatar, inda aka tarar kimanin mutum 4 cikin kowane 100 na waɗanda suka kai shekara 40 makafi ne. Ita kuwa yana likita yana cire ta da ɗan gajeren aiki, gani ya komo. Akwai kuma cutar da jama'a ke kira hawan jinin ido, wadda a haƙiƙa ruwan cikin ido ne ke taruwa yana danne igiyar gani. Awonta daban, maganinta daban, kuma mai ita yana iya kasancewa jinin jikinsa lafiya lau. Ba ko ɗaya daga cikin waɗannan muke nufi ba.

Yadda jijiya ke tsufa

Zuciya, wannan tsokar da Allah Ya ajiye a ƙirji, tana bugawa wajen sau 70 a minti guda ga baligi mai hutawa, watau kusan sau 100,000 tsakanin dare da rana, kuma a kowane bugu tana tunkuɗa jini cikin wata uwar jijiya wadda kaurinta ya fi na babban yatsa, ita kuma ta yi ta rassa, rassan su yi ta ƙanƙancewa, har su kai ga ƙwaƙwalwa da ƙoda da ido da tafin ƙafa. Waɗannan su ne jijiyoyi masu kai jini. Bayan gaɓoɓi sun ɗebi abincinsu da iskarsu, sai waɗansu jijiyoyin na daban, masu komo da jini, su mayar da shi zuciya. Malamin likitanci Ibnun Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, shi ya fara bayyana yadda jini ke bi ta huhu, sa'an nan wani Bature na Ingila, William Harvey, ya cika bayanin zagayen duka a 1628.

Duk wanda ya yi noman rani a fadamar Rima ya san bambancin sabon tiyo da tsoho. Sabo, idan aka tayar da inji, sai ya ɗan kumbura ya karɓi ƙarfin ruwa, ya saki, ya sake karɓa, ruwan ya isa kwamin albasa a hankali. Amma wanda ya sha rana shekara da shekaru ya ƙandare, ba ya ba da kai, duk girgizar injin tana bi ta cikinsa har ƙarshe, kuma ran da aka ƙara wa injin wuta, ta inda ya fi rauni zai tsage. Haka al'amarin jijiya mai kai jini yake. Ta yaro tana miƙewa idan zuciya ta tunkuɗo jini, ta koma idan zuciya ta saki, ta haka take shanye ƙarfin bugun, ƙananan rassan da ke can nesa su sami jini yana gudana sannu, ba da duka ba.

Hikimar wannan laushi tana cikin bangon jijiyar, inda aka saƙa zare iri biyu: ɗaya mai miƙewa ya koma, ɗaya kuma mai ƙarfi wanda ba ya miƙewa sai kaɗan. Abin lura a nan shi ne, shi zaren mai miƙewa galibinsa tun mutum yana ciki da lokacin ƙuruciya ake yin sa, kuma jiki ba ya sabunta shi yadda yake sabunta fata ko gashi. Abin da aka ba ka tun farko, da shi za ka yi ta amfani har ƙarshen rayuwa. To, mutumin da ya kai shekara 60, zuciyarsa ta buga fiye da sau biliyan 2, kowane bugu kuwa ya ja wannan zare ya saki, saboda haka ba abin mamaki ba ne ya fara tsintsinkewa, jiki ya riƙa cike gurbinsa da zaren nan marar miƙewa, har wani lokaci wani abu mai kama da alli ya taru a bangon. Wannan shi ne rabon tsufa a cikin al'amarin, kuma ba wanda zai kuɓuta daga gare shi baki ɗaya.

Daga nan za mu fahimci lambobin nan biyu da malamin asibiti ke faɗi bayan ya ɗaura wa mutum ɗamara a dantse. Ta sama ita ce ƙarfin jini a lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuwa ƙarfinsa a lokacin da ta saki. Wani likitan Italiya, Riva-Rocci, shi ya ƙago ɗamarar a 1896, wani na Rasha kuma, Korotkoff, ya gano a 1905 yadda za a saurari bugun a fitar da lambobin biyu. Mai lafiya yakan kasance wajen 120 bisa 80. Idan aka auna a ranaku biyu daban-daban aka sami ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, to, hawan jini ya tabbata. Da yake jijiyar da ta yi tauri ba ta shanye bugu, lambar sama takan yi ta hawa da shekaru, ta ƙasa kuwa bayan shekara 50 zuwa 60 sai ta tsaya ko ma ta fara sauka, har a ga dattijo da 170 bisa 75. Kada wanda ya ruɗu da kyawun lambar ƙasa a irin wannan hali; faɗin ratar da ke tsakanin lambobin biyu ita kanta shaidar tauri ce.

Shi kuma hawan jini ta wata fuska yake ɓarnarsa. Ƙananan jijiyoyi suna da 'yar tsoka da ta kewaye su, wadda idan ƙarfin jini ya yi yawa sai ta tsuke, don ta kāre abin da ke gabanta. Tsukewar sa'a guda ba komai ba ce. Amma idan aka shekara biyar, aka shekara goma ana haka dare da rana, sai bangon ya yi kauri, hanyar cikin ta ƙuntata, zuciya kuma ala tilas ta ƙara ƙarfi don ta tura jini ta ƙuntatacciyar hanya, ƙarin ƙarfin ya ƙara wa bango tauri, taurin ya ƙara wa jini hawa, kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa. Ta haka ake samun magidanci mai shekara 45 da jijiyoyin ɗan saba'in. Idan kuwa ciwon suga ko shan taba ya haɗu da su, sai tafiyar ta ƙara sauri.

Abin da ake gani a cikin ido

A can bayan ƙwayar ido, daga ciki, akwai wani tantani siriri wanda hasken da ya shiga yake faɗawa a kansa, shi kuma ya aika da labarin abin da aka gani zuwa ƙwaƙwalwa ta igiyar gani. Wannan tantanin gani, duk da ƙanƙantarsa, yana cikin sassan jiki mafiya buƙatar jini. Jijiya guda ce mai kai jini take shigowa ta tsakiyar igiyar gani, ta rabu manyan rassa huɗu, su bazu a kansa, kaurin kowanne bai wuce na silin gashi ba; mai komo da jini ita ma guda ce, da nata rassan, ta nan take fita. Wani reshe ba ya ɗaukar nauyin wani, idan guda ya toshe, yankin da yake shayarwa ya shiga uku.

A duk jikin ɗan Adam, nan ne likita yake iya ganin ƙananan jijiyoyin jini ƙuru-ƙuru, mai kai jini da mai komo da shi, ba tare da ya tsaga fata ba. Magabata ba su sami wannan dama ba. Hunainu ɗan Ishaƙa ya rubuta maƙalu goma a kan ido a Bagadaza tun ƙarni na 9, Ibnul Haisam ya warware mas'alar yadda haske ke shiga ido, kuma a nan ƙasarmu Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kabarinsa ke Wurno, ya yi talifi a kan magunguna har da na ciwon ido, abin da ya isa ya nuna mana cewa neman ilmin lafiya ba baƙo ba ne a gidan malamanmu. Amma dukansu daga waje suka tsaya, gama cikin idon mai rai duhu ne ga mai leƙe. Sai a 1851 wani masani Bajamushe, Hermann von Helmholtz, ya bayyana wata 'yar na'ura mai madubi, wadda ke jefa haske ta ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido, mai dubawa kuma ya bi hasken da nasa idon. Jikanyar wannan na'ura ce 'yar fitilar da likita ke matsowa da ita dab da fuskar mutum a ɗaki mai duhu.

Ga abin da yake nema. Da farko yana gwada kaurin mai kai jini da na mai komo da jini, waɗanda a idon mai lafiya suke kamar biyu bisa uku. Idan mai kai jinin ta sirance fiye da haka, alama ce ta tsukewa. Sa'an nan yana duban launinta, domin bangon lafiyayyar jijiya garau yake, jinin cikinta ake hange, amma idan ya yi kauri sai ya riƙa mayar da haske, jijiyar ta yi ja-ja mai ƙyalli, abin da likitoci ke kira wayar jan ƙarfe, idan abin ya yi nisa kuma ta yi fari, su ce wayar azurfa.

Alama ta uku ita ta fi cancantar a tsaya a kanta. A wurare da dama a kan tantanin, mai kai jini tana gittawa ta kan mai komo da jini, kuma a daidai magamar riga guda ce ta lulluɓe su biyun, ba mai iya matsawa ta ba 'yar'uwarta wuri. Muddin ta saman tana da laushi, zaman lafiya ake yi. Amma da zarar ta yi tauri, sai ta danne ta ƙasan, wadda dama bangonta ba shi da ƙwari, har mai dubawa ya ga kamar an tsunkule ta a gefe da gefe. Wani likitan ido a Landan, Marcus Gunn, shi ya siffanta wannan a ƙarshen ƙarni na 19, kuma har yau da sunansa ake kiran alamar. Ita wannan alama ba ta hawan jinin jiya ko shekaranjiya ba ce. Tarihi ne na shekarun da aka yi jini yana sama ba wanda ya auna, kuma ko an sauko da jinin daga baya, galibi ba ta gogewa.

Idan kuwa ƙarfin jini ya haura ƙwarai, sai ƙananan rassa su fara yoyo, a ga ɗigon jini a kan tantanin, da waɗansu farare-farare da ake kira ɗigon auduga, watau wuraren da jini ya yanke musu, a ƙarshe kuma kan igiyar gani ya kumbura. A 1939 likitoci uku na asibitin Mayo a Amurka, Keith da Wagener da Barker, suka kasa waɗannan alamu daraja huɗu, kuma a zamaninsu, da yake ba a sami maganin kirki ba tukuna, galibin waɗanda suka kai daraja ta huɗu ba su ƙara shekara biyu a duniya ba. Yau alhamdu lillahi ba haka abin yake ba, domin idan aka sauko da jini bisa ƙa'ida, ɗigon jinin da na audugar sukan washe cikin makonni ko watanni.

Adalci ne a faɗi cewa mafi yawan masu taurin jijiyar ido ganinsu ba ya raguwa saboda shi, kuma daidai wannan ne haɗarinsa, tun da ba abin da zai tayar wa mutum da hankali. Ɓarnar takan zo ne rana tsaka. Wata rana jinin da ke cikin jijiyar nan da aka danne sai ya daskare, hanya ta toshe, jini ya fantsama a yankin, mutum ya wayi gari ido guda ya yi hazo, ko wani sashe na abin da yake kallo ya ɓace, ba zafi, ba ja. Mafi muni shi ne toshewar mai kai jinin ita kanta, inda ido guda ke mutuwa farat ɗaya, kuma tantanin ba ya jure rashin jini sai 'yan sa'o'i. Wani kuwa duhun zai rufe masa ido na 'yan mintoci ya yaye, ya ce jiri ne ko yunwa, alhali gargaɗi ne cewa shanyewar ɓarin jiki tana iya biyowa baya. Domin jijiyoyin ido da na ƙwaƙwalwa tushensu ɗaya, girmansu kusan ɗaya, abin da ya sami waɗannan yana samun waɗancan. An kuwa bi dubban mutane shekara da shekaru a Amurka, aka tarar waɗanda aka ga ɗigon jini ko na auduga a idonsu sun fi sauran faɗawa cikin shanyewar jiki ninki biyu zuwa uku. Ƙoda ma haka. Ashe ke nan likitan da ya leƙa ido ba labarin ido kaɗai yake samowa ba.

Bari mu kawo misali, wanda duk malamin asibiti ya san irinsa. A ce ga wani dattijo manomi daga ƙauye ya kawo jikarsa asibitin Isa saboda zazzaɓi, bayan an sallami yarinya sai malamin ya ce, “Baba, tun da Allah Ya kawo ka, miƙo hannunka in auna.”

Dattijo ya yi murmushi ya ce, “Ni lahiyata lau, ɗana, ba ni jin ciwon komi. Ko jiya ni na yi huɗar gonata.”

“Allah Ya ƙara lafiya, Baba. Ai ba sai ana ciwo ake awo ba.”

Aka ɗaura ɗamara, ta matse, ta saki, allo ya nuna 178 bisa 84. Aka bar shi ya huta, aka sake, ba ta sauka ba sai kaɗan. Malamin ya lura yana karkata kai idan zai dube shi, ya ce, “Baba, wannan idon na hagu fa?”

“Tun bazara ya yi hazo. Tsuhwa na.”

Malamin ya rufe masa idon dama da tafin hannu, ya ɗaga yatsu uku, dattijo bai iya ƙirga su ba. Irin wannan mutum, idan ya sami isa ga likitan ido a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, aka ɗiga masa maganin da ke buɗe baƙin ido aka leƙa, la'alla toshewar jijiya za a tarar, wadda ta riga ta yi wata biyu ko uku. Abin da ya tafi daga hagun mai yiwuwa ba zai komo duka ba. Amma daman yana nan, ƙwaƙwalwa tana nan, ƙoda tana nan, kuma su ne za a tsare.

Shin hawan jini dole ne ga tsoho?

Mutane da yawa, har da waɗansu masu ilmi, sun ɗauka cewa hawan jini gadon tsufa ne kamar furfura. Akwai hujjar da ta rushe wannan zato. A 1988 aka bayyana sakamakon wani bincike da ya game wurare 52 a ƙasashe 32, aka auna mutum sama da 10,000, aka kuma auna gishirin da jikinsu ke fitarwa. A cikinsu akwai wata al'umma ta dajin Barazil, Yanomami, waɗanda kusan ba su san gishiri a abinci ba, aka tarar jinin manyansu bai ɗara na samarinsu ba. Su ma suna tsufa, amma jininsu ba ya hawa da shekaru. Ni a ganina wannan ita ce magana mafi nauyi a darasin nan: shekaru ba su hannunmu, amma abin da muke ɗora musu a kai yana hannunmu.

Mu kuwa mutanen gishiri ne tun zamanin da ayarin Azbinawa ke sauko mana da kantun Bilma, sai dai a da tsadarsa tana taƙaita shi, yau kuwa ya yi araha, ga kuma dunƙulen magi, wanda kusan rabinsa gishiri ne, ana jefa uku ko huɗu a tukunya guda bayan an riga an zuba gishirin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada abin da baligi zai ci a yini, a haɗa na miya da na burodi da na tsire da na kome, ya kai giram 5, watau bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Kanwa ma sinadarin da ke ta da jini a cikin gishiri yana cikinta, ko da yake harshe ba ya jin ta kamar gishiri. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da yawan shan kunun kanwa tare da zafin wankan jego. Ina roƙon iyayenmu mata da ke ajin nan, waɗanda su ke riƙe da ludayi, su kuma ke kula da masu jego, su yi wa wannan magana kyakkyawan nazari. Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta suna ba miya ɗanɗano, kuma idan aka riƙa rage gishiri kaɗan-kaɗan, cikin 'yan makonni harshen mutanen gida zai saba. Wake da zogale da rama da yakuwa da sauran ganye suna taimako. Taba, ta sha ko ta leɓe, ba ta da wani uzuri. Magungunan ciwon jiki da ake saye barkatai a kasuwa, waɗanda manoma da 'yan kabu-kabu ke haɗiya kullum, waɗansunsu suna ta da jini suna kuma cin ƙoda.

Wanda jininsa ya tabbata yana sama, galibi rage gishiri kaɗai ba zai wadatar ba, sai da magani. Magungunan suna nan, kuma ba su cikin masu tsada ƙwarai. An ma gwada su a kan mutanenmu, domin a 2019 aka bayyana wani bincike da aka yi a ƙasashen Afirka 6 bisa jagorancin Dakta Dike Ojji na Abuja, wanda ya nuna cewa haɗin magungunan da ke da ƙwayar amlodifin a cikinsa ya fi saukar da jinin baƙar fata. Zaɓen magani aikin likita ne, ba na maƙwabci ko mai talla ba. Abin da ke kan marar lafiya shi ne ya san cewa wannan ba maganin zazzaɓi ba ne da ake sha kwana uku a ajiye. Yana riƙe jini ne muddin ana shan sa, ran da aka bari jini ya koma inda ya fito. Zoɓo marar sukari yana ɗan saukar da jini, amma ba ya tsayawa a madadin magani. Idan azumi ya gabato, a tambayi malamin asibiti yadda za a mayar da sha zuwa sahur ko buɗa-baki, kada a yanke. Malamanmu kuwa sun daɗe da karantar da cewa riƙon sababi ba ya warware tawakkali, kuma jiki amana ne.

Ba a ɓoye yake ba cewa faɗin wannan ya fi aikata shi sauƙi a halin da ƙasarmu ke ciki. Shekarun nan na 'yan bindiga sun mayar da tafiya Sakkwato, ko ta Goronyo ko ta dajin Gundumi, abin da sai an yi shawara da addu'a, ƙananan asibitocin ƙauyuka da dama ba kowa a cikinsu, kuma tun 2019 dubban 'yan'uwanmu suka ƙetara iyaka zuwa Gidan Rumji da sauran garuruwan jihar Maraɗi. Wanda ya kwana a daji yana sauraren ƙarar babur ba a yi masa wa'azin kwanciyar hankali, kuma wanda ya gudu da rigar jikinsa ba ya tuna ƙwayar magani. Amma daidai saboda wannan hali ne ya kamata kowane mai hawan jini ya mallaki 'yar takarda, a rubuta sunan maganinsa da ƙarfinsa da lambobin awonsa na baya, ya naɗe ta a leda ya riƙa yawo da ita a aljihu, domin duk inda ƙaddara ta jefa shi, malamin asibitin da ya tarar ya san inda zai ɗora. A kuma lura da wani abu: a asibitocin Nijar, bisa al'adar Faransa, sau da yawa sukan yar da sifirin ƙarshe, su ce 14 bisa 9, abin da a Sabon Birni za a ce 140 bisa 90. Awo ɗaya ne. Kada wanda aka ce masa 18 a Maraɗi ya komo gida yana murna cewa jininsa ya sauka.

Akwai halaye da ba a jiran wayewar gari ko ranar kasuwa a kansu: ido ya mutu ko ya yi duhu farat ɗaya, ko da ya washe daga baya, baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, lamba ta kai 180 bisa 120 tare da matsanancin ciwon kai ko dishi-dishin gani, da kuma mace mai ciki da ta ce tana ganin walƙiya ko hazo, ƙafafu da fuska sun kumbura, gama wannan yana iya zama mafarin jijjiga. Duk waɗannan, asibiti mafi kusa, nan take.

Aikin wannan mako shi ne kowane ɗalibi, namiji ko mace, ya je babban asibitin Sabon Birni ko na Isa, ko wurin duk wani malamin lafiya mai na'urar awo da ya fi kusa da shi, a auna shi, ko da yana jin kansa garau. Kada ya ci goro ko ya sha taba ko shayi rabin sa'a kafin awon. Ya yi fitsari tukuna, ya zauna minti 5 ya jingina bayansa, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, kuma kada ya yi magana ɗamara tana matsewa. Sa'an nan ya karɓi alƙalami ya rubuta lambobin da hannunsa, ta sama a sama, ta ƙasa a ƙasa, da kwanan wata a gefe. A gida kuma ya rufe ido guda da tafin hannu ya dubi ƙofar ɗaki, ya sake rufe ɗayan, ya gani ko akwai bambanci, domin lafiyayyen ido yakan rufa wa marar lafiya asiri wata da watanni. Wanda ke da tsoho ko tsohuwa a gida ya tafi da su. Mako mai zuwa kowa ya zo da takardarsa, da ita za mu yi darasin lissafi, mu ɗebe lambar ƙasa daga ta sama mu ga ratar da ke tsakani.